Ranar da Kibiya Ta Tsaya a Kan Hoton Saniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni. Malamanmu masu daraja da suka buɗe mana da addu'a. Shugaban ƙungiyar makiyaya da dillalan dabbobi ta wannan yanki, Alhaji Audi, tare da jama'arsa. Iyaye mata da suka baro tukunya a kan murhu. Baƙinmu da suka taso tun daga Sandamu da Mai'adua da Babban Mutum, wasu a mota, wasu goyo a kan babur. Ɗalibaina da muke yayewa a yau. Jama'a maza da mata, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Zubaida Sama'ila, ni ce nake jagorantar wannan cibiya da ke koyar da gina shafukan intanet a nan Daura. Godiya ta farko ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Godiya ga iyayen da suka ba mu 'ya'yansu, musamman waɗanda suka ba mu su cikin shakka, suna tambayar me ake koyo a gaban akwatin da ba ya noma kuma ba ya kiwo. Godiya ga malaman cibiya da suka yi haƙuri da ɗalibai, suka kuma yi haƙuri da ni, wanda ya fi wuya. Godiya ga maƙwabcinmu mai injin niƙa da yake ja mana wuta duk ranar da aka ɗauke, ko da yake ƙarar injin nasa ta sa ɗalibaina sun ƙware wajen karanta leɓena.

Ranka ya daɗe shugaban taro, an ba ni wannan fili ne domin in yabi ɗalibai, in jera abin da suka koya, in kuma roƙi a ƙaro mana kwamfutoci. Roƙon yana nan, ban yafe shi ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, wadda in ban faɗe ta a gaban wannan taro ba, ban san taron da zan faɗe ta ba. A cikin rumfar nan akwai mutumin da aka shafa wa kashin kaji a kan laifin da bai ji ba bai gani ba, kuma abin da ya jawo masa wannan ƙazafi ya fito ne daga cikin sana'ar da muke yaye yaran nan a kanta. Sunansa Malam Hamma, manomi ne daga wani ƙauye kusa da Mai'adua, mahaifi ne ga ɗaya daga cikin ɗaliban da ke zaune a gabanku. Da izininsa nake magana, kuma sai da na roƙe shi kafin ya yarda ya zo.

Iyayena, ba ni zan koya muku cigiya ba, ni da na tashi a gidan dillali ina jin hirar kara, wato kasuwar dabbobi, tun ban san amfaninta ba. Amma bari in maimaita saboda 'yan birni da ba su san saniya ba sai a cikin miya. Dabba ta ɓace, wani ya tsinta, ya ɗaure ta a turkensa, ya ba ta ci, ya ba ta sha, ya kai magana wurin dagaci. A yi shela a kasuwa, a ce an tsinci farar saniya a wuri kaza. Iyakar abin da ake faɗa ke nan. Sauran kamannin, waɗanda ba mai saninsu sai wanda ya tatse ta ko ya yi jinyarta, ana riƙe su a ciki. Duk wanda ya zo ya ce tasa ce, sai a ce masa, to, faɗi kamanninta. In ya faɗa daidai a kwance masa, in ya shiga kame-kame a ce ya je ya sake tunani. Wannan ɗan sirrin shi ne makullin al'adar gaba ɗaya, da shi kakanninmu suka raba mai dukiya da mai kwaɗayi ba tare da rantsuwa ba.

Shekarun baya kaɗan, ƙungiyar su Alhaji Audi ta yi tunani mai kyau, kuma har gobe ina cewa mai kyau ne. Suka ce shelar kasuwa ba ta wuce kasuwa, bari a kai cigiya intanet. Suka sa wani mai gina shafi daga wani gari ya gina musu, ba zan kama suna ba, domin ba shari'a muka zo yi ba. Duk dabbar da aka tsinta sai a sa hotonta da sunan garin da take da lambar wayar da za a kira. Abin ya yi amfani ƙwarai, dabbobi da dama sun koma gida ta wannan hanya. Daga baya ƙungiya ta ce a ƙara wani wuri da za a riƙa ajiye kamannin ɓoye, don sakatarenta ya riƙa dubawa idan dagaci ba ya nan. Mai ginin ya ƙara, ya ce an ɓoye, babu mai gani. Kowa ya duba a wayarsa, bai ga komai ba, kowa ya kwantar da hankalinsa.

To, bara da kaka, bayan an kwashe gero, wata farar saniya ta shigo gonar Malam Hamma ita kaɗai, tana ta kuka, hantsarta ta cika kamar za ta fashe. Ya gane ta bar maraƙi a wani wuri. Ya kai ta gida, ya sa mai ɗakinsa ta rage mata nonon don kada ta cutu, a nan ne suka ga kamanninta: ba ta yarda a tatse ta daga dama, tana da 'yar tsaga a cikin kunnen hagu, sannan akwai wani tsohon tabo a ƙarƙashin hantsa. Da Malam Hamma zai kwatanta wa dagaci da sakataren ƙungiya, sai ya ce tabon kamar sawun kaza yake. Sakatare ya rubuta yadda ya ji. Ku riƙe mini wannan kalma ta sawun kaza, za mu dawo kanta.

Ba a jima ba sai ga wani mutum da motar a-kori-kura, da kaftani mai guga, da baki mai ladabi. Ya gaida dagaci yadda ake gaida manya, ya ce saniyarsa ce. Aka ce ya faɗi kamanninta. Bai yi gargada ba, bai ɗaga kai sama yana tunani ba, ya ce ba ta tatsuwa daga dama, akwai tsaga a cikin kunnen hagu, akwai tabo kamar sawun kaza a ƙarƙashin hantsa. Dagaci ya dubi Malam Hamma, Malam Hamma ya gyaɗa kai. Wa zai ƙi? Al'ada ta cika, shaidu suna zaune. Da hannunsa Malam Hamma ya kwance ta, da hannunsa ya taimaka aka tura ta mota, ko goron tsintuwa ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi.

Sai ga mai saniya ta gaskiya. Inna Siddiƙa, dattijuwa daga wata ruga a gefen Sandamu, wadda saniyar ta sulale daga garken ɗanta a hanyarsu ta dawowa daga kiwon damina. Ba ita kaɗai ta zo ba, a amalanke ta ɗoro maraƙin, saboda ya ƙi cin komai, duk ya zube. Ita ma ta faɗi kamannin, ba ta bar ko ɗaya ba, sai dai ita ba ta ce sawun kaza ba. Cewa ta yi ƙuna ce, garwashi ya ƙona ta tun tana 'yar karsana, kuma ita ta yi mata magani da hannunta. Aka kai ta turke, turke wayam. Waɗanda suke wurin sun ce maraƙin ya sunsuni igiyar da aka kwance, ya ɗaga kai ya yi ta kuka. Inna Siddiƙa ta juya ta dubi Malam Hamma a gaban jama'a ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Jama'a, ku saka kanku a matsayin mutanen ƙauyen nan, domin ni ban ga wautarsu ba. In aka cire mai ɗakinsa, mutum uku suka san kamannin: dagaci, sakatare, da Malam Hamma. Mai dabba ba ta kiran tabon sawun kaza, mutum ɗaya ne a duniya ya kwatanta shi haka, kuma ga shi an ji kwatancen a bakin ɓarawo, kalma da kalma. Sai aka ce ai shi ya kitsa masa. Sai aka ce ai shi ya sa ya ƙi goron tsintuwa, ya riga ya karɓi rabonsa ta bayan gida. Mutumin da a da ba a ƙulla ciniki a unguwarsu sai an kira shi shaida, ba a raba gado sai yana zaune, ya wayi gari in ya iso majalisa hira ta mutu, in ya tashi hira ta farfaɗo. Ya rantse, an ce ai dole ya rantse. Ya yi shiru, an ce ai ba shi da ta cewa. Kuma abin bai tsaya a kansa ba, domin manoman yankin sun fara korar duk dabbar da ta shigo gonarsu, suna cewa wanda ya tsinta shi ne ɓarawo.

'Yarsa Ikilima tana ajinmu. Ita ce mai yawan tambaya, ita ce mai hana ni tashi a kan lokaci. Sai na ga ta koma kujerar baya, ta daina ɗaga hannu, ta daina cin abinci tare da 'yan uwanta. Labarin ya iso mana kamar yadda labari yake isowa, na ji, na yi mata nasiha da haƙuri, ban san akwai abin da ya haɗa shi da darasina ba.

Yanzu sai ku ba ni aron hankalinku kaɗan, zan yi bayanin sana'a, kuma na yi alkawari ba zan wahalar da kowa ba. A jikin kwamfuta akwai abin da muke riƙewa a hannu muna ja a kan tebur, ana ce masa linzami, yara kuma suna ce masa ɓera saboda jelarsa. In ka ja shi, wata 'yar kibiya tana yawo a fuskar kwamfutar. Kibiyar nan tana iya danna abu, tana kuma iya tsayawa a kansa kawai ba tare da ta danna ba, wannan tsayuwar muke kira shawagi. Mai gina shafi yana iya rubuta umarni ya ce, idan kibiya ta yi shawagi a kan abu kaza, to abu kaza ya bayyana. Ranar da nake ba ku labari, darasin da ke gabanmu ke nan, da safe, aji cike, na haɗa kwamfutata da majigi tana haskawa a bango.

Na ce a ba ni misalin wani shafi na yankinmu mu gwada a kai. Wani ɗalibi, bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce shafin cigiya. Kowa ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan ce a kawo wani, sai na ji muryar Ikilima daga baya ta ce, "A buɗe, Malama, ba komai." Na buɗe. Hotuna suka jeru a bango, tumaki, jakuna, shanu, har da hoton farar saniyar, domin babu wanda ya tuna ya cire shi. Wallahi ban nufe shi ba, hannuna ne ya ja linzami ina cikin magana, kibiya ta je ta tsaya a kansa. Ban danna komai ba. Lambar waya ta fito, kamar yadda aka tsara. A ƙarƙashinta kuma sai ga rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, da manyan baƙaƙe, a bangon ajina: ba ta tatsuwa daga dama, tsaga a cikin kunnen hagu, tabo kamar sawun kaza a ƙarƙashin hantsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, na kaɗu. Na daɗe a wannan sana'a, na ga kurakurai iri-iri, na ga shafin da ya juye, na ga shafin da ya mutu, amma ban taɓa ganin irin wannan a gaban kwamfuta ba sai ranar. Na janye kibiya, rubutu ya ɓace. Na mayar da ita, ya dawo. Na kai ta kan wani rago, kamanninsa suka fito. Na kai ta kan wani jaki, nasa suka fito. Duk sirrin cigiyar yankin nan, wanda dagatai suke riƙewa a ƙirji kamar amanar maraya, ashe a shanye yake a rana, ga duk wanda ya shiga shagon kwamfuta ya zauna ya ɗora hannu a kan linzami. Ba ya bukatar ilimi, ba ya bukatar dabara, ba ya ma bukatar ya danna. Ikilima ta taso daga baya, ta zo har jikin bango, ta ɗora tafinta a kan rubutun, hasken majigi yana kan hijabinta, ta ce, "Malama, maganar Babana ce. Ashe a nan ya gani."

Ban ƙarasa darasi ba. Na ɗauki kwamfuta na nufi ofishin ƙungiya. Alhaji Audi yana nan zaune, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Ya saka tabarau, na ɗora hannunsa a kan linzami, ya bi hotunan da kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malama, tun yaushe abin nan yake haka?" Na ce, "Alhaji, tun ranar da aka zuba kamannin farko." Ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya yi ta salati. Da aka bincika sai aka tuna ashe akwai wani rago da aka taɓa karɓewa a wani ƙauye daban ta irin wannan hanya, inda Malam Hamma bai taɓa takawa ba, sai dai babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

To, ɗalibaina, ku ɗago kai, yanzu da ku nake. Yau za ku karɓi takardar shaida, gobe wani zai ba ku aiki, kuma ina so ku fita da abu uku.

Na farko, ku san wanda kuke kira. Kun sani, iyaye kuma bari su ji, shafi akwati ne a cikin akwati. Babban akwati muna ce masa uwa, abin da ke cikinsa kai tsaye muna ce musu 'ya'ya, abin da ke cikin 'ya'yan kuma jikoki. A shafin cigiya, kowace dabba uwa ce guda, 'ya'yanta su ne hoto da sunan gari da akwatin lambar waya. Mai ginin ya so lambar waya kaɗai ta bayyana in kibiya ta yi shawagi. Amma maimakon ya kira wannan ɗa da sunansa, sai ya rubuta, duk abin da aka ɓoye a ƙarƙashin wannan uwa ya fito. A ranar da ya rubuta, abin ɓoye ɗaya ne tak, don haka aiki ya yi kyau, aka tafa masa. Da aka zo aka cusa kamannin a cikin akwatin lambar, suka zama jika, umarnin nan bai san jika ba, bai san ɗa ba, kowa ya kira. Kamar mutum ne ya tsaya a zaure ya ce kowa na gidan nan ya fito, alhali yaro ɗaya yake son aika, sai ga har wadda ke wanka an tsorata ta ta fito. Gyaran bai kai rabin layi ba, a gabanku muka yi shi. Rabin layi, jama'a! Rabin layi ya raba dattijo da mutuncinsa, ya raba maraƙi da uwarsa. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. In za ku zaɓi ɗa, ku kira shi da sunansa, ku ce na cikin uwa kai tsaye, kada ku yi kiran gayya, domin ba ku san wanda za a haifa a gidan bayan kun tafi ba.

Na biyu, ku gwada aikinku ta kowace ƙofa da mutum zai iya shigowa. Za ku ce yaya aka yi babu wanda ya lura? Ni ma tambayar da ta hana ni sukuni ke nan, kuma amsarta ta fi kuskuren ba ni tsoro. Duk mutanen ƙungiya da waya suke shiga. Sakatare da waya yake zuba bayani, dagatai da waya suke dubawa, makiyaya da waya suke nema. Yatsa kuwa ba ya shawagi, da ka taɓa hoton sai ya wuce da kai wurin kiran lamba, ba ka tsaya ka ga komai ba. Mutanen kirki duka ta ƙofar gaba suke shiga, suna ganin ta a kulle, suna yaba ƙarfin kwaɗo, alhali ta baya katanga ta zube. Wanda ya gano ɓarakar shi kaɗai ne mai linzami, kuma bai zo ya faɗa ba, motar haya ya je ya nema. Ku gwada a waya, ku gwada a kwamfuta, ku gwada da yatsa, ku gwada da kibiya. Ku duba me ke faruwa in ta shigo, ku duba me ke faruwa in ta fita. In kuma an ce ku ƙara wani abu a tsohon aiki, komai ƙanƙantarsa, ku koma ku gwada tun daga farko, ko da mai aikin yana tsaye a kanku yana duba agogo.

Na uku, kuma shi ne babba: abin da ka ɓoye wa ido ba sirri ba ne. Ko da mai ginin nan ya zaɓi ɗan da ya dace, kamannin suna nan kwance a cikin shafin, wanda ya san hanya zai ɗaga labule ya karanta. Sirri ba a aika shi gidan mutane a ce a rufa masa tabarma. Sirri yana zama a can inda aka ajiye shi, sai mai izini ya zo ya nuna shaida a ba shi. Yanzu haka muka mayar da shafin, kamannin ɓoye ba sa barin ma'ajiyar ƙungiya. Ɓarawo ɓarawo ne, Allah ya tona asirinsa, ban rage masa komai ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ku ne za ku riƙa ajiye daddawar mutane daga yau.

Iyayena sarakuna da malamai, ku yi mini afuwa, ku ma ina da 'yar magana gare ku. Kada abin da kuka ji ya sa ku ce a koma shelar kasuwa, a jefar da kwamfuta. Wuƙa ta yanke mutum ba a daina yanka nama. Abin da nake roƙo shi ne, duk amanar jama'a da za a ɗora a kan shafi, a sa ido na biyu ya duba kafin a buɗe. Ga yaranku nan sun iya, ba sai an je wani gari ba.

Saniyar Inna Siddiƙa ba ta dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙungiya ta ɗauki nauyin abin da ya dace, maraƙin kuma Allah ya raya shi. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni a nan ba. Bayan mun gyara shafin, ni da Alhaji Audi da Ikilima muka ɗauki kwamfuta muka tafi ƙauyensu, da hoton bidiyon yadda shafin yake kafin gyara. Muka sami Malam Hamma a gindin bishiyar ƙofar gidansa shi kaɗai, yana tufkar igiya. Muka nuna masa. Ya kalla, ya ce a sake, aka sake. Na zaci zai yi murna, na zaci zai yi fushi, bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ɗago ya ce da ni, "Malama, na gani, Allah ya saka da alheri. To amma mutanen da suka ji an ce na ci amana, na kara da na masallaci da na gidan suna, su ma akwai inda za a ɗora musu kibiyar nan su gani?"

Jama'a, gaskiya ya faɗa. Shafi mun gyara shi kafin shayi ya huce, amma maganar da ta shiga kunnen mutane babu umarnin da yake goge ta. Baki ya kai ta, sai dai baki ya je ya dawo da ita. Shi ya sa na ajiye jawabin da aka sa ni, shi ya sa na roƙi a gayyato mutanen kara da dagatai, shi ya sa na roƙi Inna Siddiƙa ta zo, kuma ga ta can a sahun mata. Ta ce ita ba ta iya magana a abin magana ba, amma in faɗa da bakinta a gaban wakilin Sarki da malamai: Allah ya isa da ta yi ta janye, ta mayar da ita kan wanda ya cuce su su biyun, kuma tana neman gafarar Malam Hamma.

Saboda haka ina roƙon kowa da ke wannan rumfa, don girman Allah, in ka taɓa jin maganar nan, ko ka taɓa faɗinta, ko ka yi shiru ana faɗinta, ka koma daidai wurin da ka ji ta, a daidai majalisar, ka ce musu ka zo Daura ka ji da kunnenka: Malam Hamma bai ci amana ba. Ya tsinta ya riƙe, ya ciyar ya shayar, ya kai inda ake kaiwa, ya faɗi abin da ya gani, ya miƙa wa wanda al'ada ta ce a miƙa wa. In akwai wanda ya cika sharaɗin cigiya daga farko har ƙarshe a cikin wannan labari, shi ne.

Ranka ya daɗe shugaban taro, bisa tsari kai ne za ka miƙa wa kowane ɗalibi takardarsa. Ina neman alfarma guda. Ɗalibar da ta zo ta ɗaya a wannan aji ita ce Ikilima Hamma, kuma ina roƙon a bar mahaifinta ya miƙa mata da hannunsa, a nan sama, inda kowa zai gan shi. Baba, taso. Kada ka tsaya a baya, ka gaji da zaman baya. A buɗa masa hanya, jama'a.

Allah ya wanke duk wanda aka yi wa ƙazafi, ya tsare harsunanmu daga zato, ya tsare hannuwan yaran nan daga ganganci. Allah ya sa abin da suka koya ya zama rufin asiri gare su da jama'arsu, kada ya zama sanadin hawayen kowa. Allah ya mayar wa Inna Siddiƙa da mafificin abin da ta rasa, ya albarkaci garkenta. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya zaunar da masarautarmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, ya sa duk abin da ya ɓace mana ya faɗa hannun mutum irin Malam Hamma.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.